Shekara ɗaya da rabi da masu kula mana da netwok a Singa, Sharaɗa da Dawanau

Ni akanta ne, ba injiniya ba. Shekara 11 ke nan ina riƙe da littattafan kamfanin Baffana, mai sarin kayan masarufi: shinkafa, sukari, taliya, man girki, madara da sabulu. Ofishinmu yana Kasuwar Singa, babban sito yana Sharaɗa, akwai kuma ƙaramin shago da sito a Dawanau inda muke sayen riɗi da waken suya idan kaka ta yi. Kwamfutocinmu 14 ne, firinta 5, kyamarori 22, ma'aikata kusan 30 ban da 'yan dako. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya auna girman harkarmu da tasa, domin abin da ya yi mana daidai ba lallai ya yi wa banki ko asibiti daidai ba.

Abin da zan yi magana a kai shi ne aikin wani ƙaramin kamfanin matasa da ke wajen Titin Gidan Zu. Su suka shimfiɗa mana netwok a wuraren nan uku a tsakiyar 2024, su ne kuma ke kula da shi wata-wata har yau. Ba zan kama sunansu ba. Ba talla aka ba ni ba, kuma akwai inda suka gaza da zan faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. 'Yan kasuwa da yawa sun tambaye ni ko kuɗin da muke biyansu yana biyan buƙata, har na ga gara in rubuta amsar sau ɗaya, cikakkiya.

Kafin zuwansu, dukiyar kamfanin nan gaba ɗaya tana cikin kwamfuta guda da ke ƙarƙashin teburina. A cikinta manhajar ciniki take, a cikinta littafin bashi yake. A zafin watan Afrilun 2023 ta fara wani irin ƙara, kwana biyu tsakani ta mutu. Na kai ta wurin masu gyara a titin Beirut, suka ce faifan ajiyarta ne ya tafi. Kwafin da nake da shi a filas ya yi wata huɗu ban sabunta ba. Mako shida muka yi muna tattara rasit na takarda muna kiran kwastomomi ɗaya bayan ɗaya. Masu tsoron Allah suka faɗi abin da ake bin su. Wasu suka ce sun riga sun biya, ba mu da abin da za mu nuna musu. Har yau ban san takamaiman abin da ya salwanta ba, kuma wannan rashin sanin ya fi asarar kanta ci mini rai.

Duk da haka Baffa bai yarda a kashe kuɗi ba sai bayan ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi yana kwana huɗu. A ranar ne manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Mu a Singa ba mu san wannan ba sai daga baya. Abin da muka gani shi ne kwastoma ya ce ya tura kuɗi, alat bai shigo ba, manhajar banki ba ta buɗewa, motoci uku suna tsaye a Sharaɗa an gama lodi, direbobi da azumi a bakinsu suna jiran a ce su tafi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, kusan duk babban cinikinmu ya koma tiransifa, don haka idan sabis ya tsaya, kasuwa ce ta tsaya. Layukan intanet biyu muke da su a lokacin, na kamfanoni daban-daban, kuma duk biyun tare suka yi rauni. Bayan an sha ruwa Baffa ya kira ni ya ce, "Ɗana, bayan Sallah ka nemo waɗanda suka san abin nan. Na gaji."

Kamfanoni uku na kira. Biyu sun turo mini farashi ta WhatsApp ba tare da sun taka ƙafa Sharaɗa ba. Na ukun su ne waɗannan. Babban injiniyansu ya zo da yara biyu da tsani, kuma tambayarsa ta farko ba ta intanet ba ce. Cewa ya yi, "Yallaɓai, idan aka ɗauke wuta, daƙiƙa nawa ake yi kafin a tayar da inji?" Na ce wani lokacin minti biyu, wani lokacin biyar, ya danganta da inda yaron yake. Ya rubuta. Ya hau silin ya zaro wayar da ke haɗa kwamfutoci, ya yanke kanta, ya kankare da wuƙa ya nuna mini. Waje ja ne kamar tagulla, ciki fari. Alminiyon ne aka shafe shi da ruwan tagulla. Ya ce irin wannan ta cika kasuwa domin ta fi araha nesa, amma tana karyewa a mahaɗa, tana kuma ɗaukar zafi idan aka tura wutar kyamara ta cikinta. Wata wayar da aka ja zuwa ƙarshen sito ta wuce mita 130, alhali iyakar irin wannan waya mita 100 ce. Shekara uku muna zagin kamfanin intanet a kan firintar sito da ke ɓacewa tana dawowa, ashe ciwon a silin ɗinmu yake.

Farashinsu ya fi na sauran biyun tsada, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba na kayan netwok ba ne, na wuta ne. Baffa ya duba takardar ya ce, "Injiniya, intanet na ce a gyara mini, ba sola ba." Injiniyan ya ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, duk na'urar da zan sa maka, idan wuta ta yanke mata sai ta yi minti uku zuwa biyar kafin ta dawo hayyacinta. A yini a ɗauke wuta sau shida, ka ga an ci maka rabin awa, kuma a haka take mutuwa da wuri." Suka ware wa kayan netwok inbata tasu da batirin litiyom da ba a haɗa shi da fanka ko firij ko cajin waya ba, aka kulle a akwatin ƙarfe mai matatar ƙura. A ganina wannan ne aiki mafi amfani da suka yi mana, kuma shi ne wanda ba wanda ke gani. Duk wanda ya san hunturun Kano ya san abin da ƙura ke yi wa fankar na'ura, ya kuma san yadda ɗakin da ke ƙarƙashin kwano yake a watan Afrilu idan zafi ya haura digiri 40. Duk wata yaransu suna zuwa su buɗe akwatin su hure shi.

Batun intanet kuwa, ya yi mini bayanin da ya warware mini abin da ya faru a watan Maris. Samun layi biyu daga kamfani biyu ba ya nufin hanya biyu. Sau da yawa wayoyin fayiba na kamfanonin suna kwance a rami ɗaya a gefen titi, katafila ɗaya ce za ta tsinke su tare idan ana aikin hanya ko magudanar ruwa, kuma can Legas ma suna iya haɗuwa a wayar teku ɗaya. Don haka a ofishin Singa suka sa fayiba a matsayin babban layi, suka ɗora farantin Starlink, mai kawo intanet daga tauraron ɗan'adam, a kan rufi a matsayin na biyu, sannan layin waya na 4G a matsayin na uku. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta same shi, kuma taurarinsa suna shawagi ne a nisan 'yan ɗaruruwan kilomita kawai daga ƙasa, shi ya sa ba ya jinkiri irin na tsofaffin faranti. Ranar miƙa aiki injiniyan ya sa ni na buɗe manhajar banki, ya ce in zare wayar fayiba da hannuna. Na zare. Kafin in ƙirga ashirin shafi ya ci gaba da buɗewa ta ɗayan layin. A wata 18 ɗin nan fayiba ta yanke mana sau tara bisa ga littafin da nake rubutawa, ɗaya har kwana biyu, kuma a bakwai daga ciki ban sani ba sai da saƙonsu ya shigo wayata.

Rautar, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet tana yin wannan sauyin layi, ta kamfanin MikroTik ce, na ƙasar Latbiya. Sai da muka yi doguwar muhawara kafin a tsaya a kanta. Ɗaya daga cikin kamfanonin da na fara kira ya ba mu shawarar katangar tsaro irin ta Fortinet ko Sophos, waɗanda ke binciken abin da ke wucewa ta netwok suna tare mugun shafi da mugun fayil. Injiniyan bai kushe su ba. Ya ce sun fi ƙarfi ta wannan fuska, amma binciken nan yana tafiya ne da lasisin da ake sabuntawa, da dala, kuma ya sha shiga ofisoshi a Bompai da Sharaɗa ya tarar da akwatin mai tsada yana ta kyalli alhali lasisinsa ya ƙare shekara biyu baya. Ita MikroTik lasisinta yana zuwa tare da na'urar, sai dai tana son wanda ya iya ta, kuma ba ta yi maka wancan binciken. Ya gaya mini gaskiyar abin da muka samu da abin da muka bari, ya bar mini zaɓi. Wannan ya ƙara masa daraja a idona. Ya kuma ba ni labarin 2018, lokacin da aka gano wata kafa a manhajar waɗannan rautoci. Kamfanin ya toshe ta a watan Afrilun shekarar, amma dubun dubatar masu na'urar ba su sabunta ba, masu kutse suka shige su watanni bayan an fitar da maganin. Ya ce kuɗin wata-wata da nake ganin kamar na zaman banza ne, na irin wannan ne.

Yadda suke sabuntawar ma akwai tsari. Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, muna sabbin shiga, na ji a labarai cewa wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a duniya, jirage sun kasa tashi, asibitoci sun koma takarda. Na kira shi hankalina a tashe. Ya ce ba ma amfani da wannan manhaja, amma in lura da yadda suke yi mana: kwamfutar teburin karɓar baƙi ake fara sabuntawa, a bar ta kwana uku, idan lafiya sannan a bi sauran, ta ciniki ita ce ta ƙarshe, kuma ba a taɓa ta sai bayan an tashi kasuwa.

Wayafai ɗinmu na da, kalmar sirrinsa lambar wayar Baffa ce, wadda ke rubuce a jikin kowace motarmu. Rabin maƙwabtan shagonmu a Singa da shi suke kallon bidiyo. Yanzu netwok ɗin an raba shi gida huɗu duk da waya ɗaya yake bi: na ciniki da lissafi, na kyamarori, na wayoyin ma'aikata, da na baƙi. Wanda ke wani gida ba ya leƙa wani. Kyamarorin kuwa sun tarar da su a buɗe ga duk duniya, da kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta, domin yaron da ya sa mana su a da haka ya bar su don Baffa ya riƙa kallo a waya. Sun rufe wannan ƙofa. Yanzu Sharaɗa da Dawanau suna haɗuwa da Singa ta wata rufaffiyar hanya a cikin intanet da ake ginawa da WireGuard, ta nan ne kuma wayar Baffa ke shiga ta ga sito. Ya yi mita mako biyu a kan cewa sai ya danna abu biyu maimakon ɗaya, daga baya ya saba.

Inda na fi jayayya da su shi ne batun girgije, wato ajiye bayanai da manhaja a intanet maimakon a kwamfutar ofis. Bayan abin da ya same ni a 2023, ni so nake a kwashe komai a kai can, kada in ƙara ganin wata kwamfuta a ƙarƙashin tebur. Ko'ina ka juya maganar ke nan, kowa na cewa zamani ya wuce ajiye saba, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan kamfani, a ofis. Injiniyan ya ce girgije kwamfutar wani ce a wani gari, kuma in tambayi kaina wane gari. Manyan cibiyoyin Microsoft da Amazon da Google a nahiyar nan a Afirka ta Kudu suke, Johannesburg da Cape Town, wasu ayyukan ma a Turai ake ajiye su. Ke nan rasit ɗin buhun sukari da za a buga a Singa sai ya bi fayiba kusan kilomita dubu zuwa Legas, ya shiga teku, ya je ya dawo. Ranar da irin 14 ga Maris ta maimaitu, ko rasit ba za mu iya bugawa ba. Sai suka raba abin. Manhajar ciniki ta zauna a wata ƙaramar saba a ofis mai faifai biyu da ke kwafar juna, ta yadda ko intanet ta ɗauke gaba ɗaya ana sayarwa ana rubutawa. Imel ɗin kamfani da takardu suka koma girgijen Microsoft 365. Kowane dare kuma ana kulle kwafin lissafi a tura girgije, wani kwafin ya sauka a wani faifai a Sharaɗa. Kwafi uku, a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a nesa. A lokacin na ɗauka tsoron sabon abu ne ke damunsa. Yanzu na yarda shi ke da gaskiya, aƙalla ga mai harka irin tamu a garin nan.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali a duk hidimarsu shi ne gwajin da suke yi duk wata uku. Su zo da kwamfutar da ba komai a cikinta, su sauko da kwafin daren jiya, su tayar da shi a gabana, ni kuma in zaɓi kwastoma ɗaya in duba ko bashinsa ya yi daidai da na littafina. A gwaji na biyu aka gano kwafin Sharaɗa ya daina sauka tun kwana 11 baya saboda faifan ya cika. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da ba a gwada ba, da sai ranar tsanani za mu sani.

Akwai wata injiniya a cikinsu, ita ke kula da ɓangaren tsaro, ita ce kuma ta zo ta koyar da ma'aikata. Da Hausa ta yi, a tsakar sito, a kan buhuna, ba allo ba takarda. Ba ta yi maganar manyan masu kutse na ƙasashen waje ba. Ta tambaya, waye aka taɓa kira aka ce masa an shirya taron ƙungiya ta intanet, ya karanto lamba shida da aka turo masa? Hannu huɗu suka tashi. Ta ce to wannan lambar makullin WhatsApp ɗinka ce, wanda ya karɓe ta zai koma kai, ya bi abokan cinikinka yana neman rance da sunanka. A nan take ta sa kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Da ta zo kan Baffa ya ce shi ya tsufa da haddar lambobi. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ai wayarka ce suka fi nema. Idan saƙo ya fito daga lambarka cewa a saki mota, wa zai tsaya tambaya?" Ya yi shiru, ya miƙa mata wayar ya ce, "Sa mini, 'yata." Ta kuma hana abin da muka daɗe muna yi, wato masu sayarwa biyar su riƙa shiga manhaja da suna ɗaya. Yanzu kowa da nasa. Idan aka goge rasit ko aka rage farashi, an san hannun da ya yi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma mu muka daɗe muna barin daddawar a buɗe.

Koyarwar nan ta biya kuɗinta a watan Nuwambar 2024. Imel ya shigo da sunan wani kamfanin da muke sarin man girki a wurinsa, da tambarinsu da sa hannun manajan da muka sani, cewa sun sauya banki, a tura kuɗin tirelar da ke tafe a sabon asusu. Hatta lambar takardar kayan daidai take. Mataimakina ya tuna ƙa'idar da injiniyar ta kafa mana: duk saƙon sauya asusu, a kira mutumin ta tsohuwar lambar da ke wayarka, ba ta lambar da ke cikin saƙon ba. Ya kira. Ba su sauya komai ba. Da muka ƙura ido sai muka ga harafi ɗaya ne ya bambanta adireshin da na gaskiya. Babu wata na'urar da ta tare wannan imel. Yaro ne ya ɗaga waya ya yi kira na minti ɗaya.

To, sai inda suka ɓata mini rai, kuma na farkon ba ƙarami ba ne. Wata biyar bayan gama aiki, ba ni da ko ɗaya daga cikin manyan kalmomin sirri na kayan da muka saya da kuɗinmu. Babban asusun da ke juya imel ɗin kamfani da imel ɗin injiniyan aka buɗe shi. Sunan kamfaninmu na intanet ma da sunansa aka yi rajista. Duk lokacin da na tambaya sai ya ce, "Yallaɓai, ana haɗa takardun, in sha Allahu mako mai zuwa." Ban zarge shi da mugun nufi ba, kuma har yanzu ban zarge shi ba. Amma rai a hannun Allah yake, kuma mutane suna saɓawa. Mun riga mun ɗanɗana wannan da yaron kyamara, wanda ya bar gari da kalmar sirri a kansa. Sai da na riƙe kuɗin wata biyu sannan aka kawo taswirar netwok, da jerin na'urori da lambobinsu, da kalmomin sirri a ambulan da aka liƙe, aka kuma mayar da rajistar da sunan kamfani. Ambulan ɗin yana cikin sef ɗin Baffa. Mutanen da suka koya mana kada mu bar makulli a hannun kowa bai kamata sai an matsa musu kafin su ba da namu ba.

Na biyu ya faru a daminar 2025. Wani daren Juma'a aka yi ruwa da tsawa, da safe Dawanau ta yanke gaba ɗaya, ba ciniki a manhaja, ba kyamara. Yarjejeniyarmu ta ce za su iso cikin awa huɗu. Babban injiniyan yana wani aiki a Abuja, yaron da aka turo ya iso bayan azahar, ya duba ya kasa, ya ce sai oga ya dawo. Sai ranar Lahadi da yamma aka gyara. Tsawa ce ta bi wayar kyamarar waje ta ƙona na'urar da ke rarraba layi. Da aka bincika, a Singa da Sharaɗa sun binne sandar tagulla mai kai wuta ƙasa sun sa abin kariya, a Dawanau ba su yi ba, wai ƙaramin wuri ne. Injiniyan bai yi gardama ba. Ya ce laifinsu ne, suka sauya na'urar da kuɗinsu, suka yi aikin da suka tsallake. Na yaba da hakan. Amma lamarin ya nuna mini raunin kamfanin: ilimin mai zurfi a kan mutum ɗaya yake. Yaransa sun iya jan waya da hure ƙura da sauya batir, amma idan rauta ta rikice sai shi. Na faɗa masa wannan a gaban idonsa, ya ce yana horar da biyu. Zan gani.

Na uku batun kuɗi ne. Takardar farashinsu ta farko ta fito da kuɗin kaya da na aiki ɓaro-ɓaro, amma abubuwan da za a riƙa biya har abada an warwatsa su a ƙasa da ƙananan rubutu, wasu da dala: imel na kowane ma'aikaci a wata, wurin ajiyar kwafi, layuka uku na intanet, tsayayyen adireshin intanet da ofis ke buƙata don sauran wurare su same shi, da kuɗin kulawarsu. Ba wanda ya tara mini su wuri ɗaya ya ce ga abin da za ku kashe a shekara. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san duk abin da aka lissafa da dala ba a yi masa kasafi da wasa. Ga kuma ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025. Da na zauna na tara, kuɗin shekara biyu na waɗannan ƙananan abubuwa ya kusa kamo kuɗin aikin gaba ɗaya. A nan ne kuma na gano muna biyan imel na ma'aikata uku da suka bar aiki wata huɗu baya, asusunsu a buɗe, ɗaya ma yana cikin wayar mai shi. Ni ban sanar da su tafiyar mutanen ba, wannan nawa ne. Su ma ba su taɓa tambaya ba, kuma ba su kafa mana hanyar sanarwa ba. Abin ya wuce asarar kuɗi, domin a cikin takardunmu akwai lambobin wayar kwastomomi, da lambar NIN ta ma'aikata, da hoton lasisin direbobi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe irin waɗannan alhakin tsare su, har da sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu su. Yanzu duk ƙarshen wata injiniyar tana turo mini jerin masu asusu, in sa hannu a kan waɗanda ke nan.

Duk da waɗannan ukun, idan ɗan kasuwa mai wuri biyu ko uku ya tambaye ni, cewa nake ya nemi irinsu. Mai shago ɗaya da kwamfuta biyu ba ya buƙatar duk wannan, layi biyu masu hanya daban da ƙaramar inbata da kwafin da ake gwadawa sun ishe shi. Amma wanda motarsa ba ta tashi sai alat ya shigo, wanda bashinsa ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa, a wurinsa kuɗin ba asara ba ne. Tun da suka karɓi aikin, ban da kwana biyun nan na Dawanau, ba a taɓa rufe ciniki saboda netwok ba.

A watan jiya muka sabunta yarjejeniya, na sa sharuɗɗa uku a rubuce: duk asusu da rajista da sunan kamfaninmu, jimillar kuɗin shekara a takarda ɗaya da naira tare da farashin dalar da aka yi lissafi da shi, da kuma ragin kuɗin wata idan suka wuce awa huɗu ba su iso da wanda zai iya gyara ba. Sun yi ja-in-ja a kan na ukun kafin su sa hannu. Aikin da ke gabanmu yanzu shi ne na Windows 10, wadda Microsoft ta daina tura wa gyaran tsaro na kyauta tun 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutocinmu takwas an ɗaga su zuwa Windows 11, shida kuwa sun tsufa, ba su da ƙwayar tsaron da sabuwar ke buƙata. Injiniyan yana so a sauya su yanzu. Baffa ya ce sai an sayar da riɗin da ke Dawanau. Kafin nan an cire shidan daga gidan ciniki da lissafi, an hana su buɗe imel, suna buga takardar lodi kawai.